Kukar gas ta daina ƙyasta wuta: a canza akwatin tartsatsi ko a dakata?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Assalamu alaikum. Muna da kukar gas ta tsaye mai kai huɗu da tanda a ƙasa. Da can in an danna makunni sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas, wuta ta kama. Watanni biyu da suka wuce ƙarar ta fara ja da baya, yanzu kuma shiru, uwargida ta koma ashana. Mai gyara ya duba ya ce iginishan ne ya mutu, a sayo sabo. Ina da ɗan hannu a aikin wuta. Zan iya canzawa da kaina, kuma yaya zan yi?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Za ka iya, domin canza abin kansa aikin rabin awa ne ga mai riƙe sukurdireba. Amma ina roƙonka kada ka fitar da kuɗinka tukuna. Na daɗe ina buɗe kukoki, kuma sau da yawa akwatin da aka cire aka jefar lafiyarsa ƙalau, an bar jaki ne ana dukan taiki. Yadda ka kwatanta taka, ƙarar ta fara rauni sannan ta ɗauke gaba ɗaya, ya yi kama da mutuwar akwatin da gaske, sai dai kama da wane ba ta wane. Akwai gwaji guda ɗaya da yake raba gardama, zan kai ka gare shi, amma sai ka san abin da ke cikin kukar kafin gwajin ya yi maka ma'ana.

Abin da masu gyara ke kira iginishan wani ɗan akwatin roba ne, bai kai tafin hannu ba, fari ko baƙi. Wayoyi biyu na wutar gida suna shiga cikinsa ta gefen da aka rubuta L da N, wato laif da nutural. A ɗaya gefen kuma akwai ƙananan bakuna, biyu ko huɗu ko shida, kowanne da wayarsa da take tafiya zuwa kai ɗaya. A cikinsa akwai kafasita da take tara wuta ta saketa farat ɗaya cikin wata 'yar taransifoma, ita kuma ta ɗaga ta zuwa sama da bolt 10,000. Wannan wutar ce take bin waya har zuwa farar allurar nan ta tangaran da kake gani a gefen kowane kai, ta yi tsalle daga bakin allurar zuwa ƙarfen kan. Tsallen shi ne tartsatsin, shi ne kuma ƙarar da kake ji, sau biyu ko uku a daƙiƙa. Akwatin ba ya samun wuta sai an danna wani suwic. A wasu kukokin maɓalli ɗaya ne a gaba mai alamar tauraro ko walƙiya. A wasu kuma kowane makunni yana da ɗan suwic ɗinsa a bayansa, a jikin sandar bawul, an haɗa su duka a layi ɗaya. Shi ya sa in ka danna makunni ɗaya kawunan duka suke ƙyastawa tare, wanda aka buɗe wa gas ne kawai yake kamawa. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin matsala, alhali haka aka ƙera ta.

To ka ga hanyar ke nan: soket, filogi, waya, suwic, akwati, wayar tartsatsi, allura, sannan jikin ƙarfe. Ko'ina ta yanke, sakamakon ɗaya ne a idon mai girki, wuta ba ta kama ba. Aikinka shi ne ka gano inda ta yanke.

Fara da mai sauƙi. Soket ɗin yana da wuta? Saka cajar waya ka gani. Filogin nan mai ƙafa uku da muke amfani da shi a Najeriya yana da fis a cikinsa, ka buɗe ka auna. In kukar tana da fitilar tanda ko kai na lantarki, kunna su, in suna aiki ka san wuta tana shiga. Sannan ka tabbata kukarka ta lantarki ce ma. Akwai masu aiki da batir babba guda ɗaya mai bolt 1.5, yana ɓoye a ƙasa ko a baya, kuma alamar mutuwarsa daidai take da abin da ka faɗa: ƙarar ta riƙa jinkiri har ta tsaya. An sha kira na gida don wannan, na canza batir na tafi. Ƙananan kukokin tebur kuma da suke yin ƙas sau ɗaya in an murɗa, irin na laita, ba su da akwati sam.

Wani abin da za ka lura da shi a nan ƙasar shi ne ƙarfin wuta. In NEPA ta kawo wuta maras ƙarfi, kafasitar tana daɗewa kafin ta cika, sai ƙarar ta yi nawa ko ta ƙi fita. Gwada a lokacin da wuta ta cika, ko a kan inji mai lafiya. In ta dawo daidai, akwatinka ba shi da laifi.

Yanzu ka saurari kukar, domin ita da kanta tana faɗin ciwonta.

In kai ɗaya ne ba ya ƙyastawa sauran suna yi, da wuya ya zama akwatin. Duba allurar wannan kan. Maiƙo da miyar da ta ƙone suna lulluɓe bakinta, ka goge da tsohon burushin haƙori, ka bar ta ta bushe sarai. Duba tangaran ɗin ko ya tsage, ko da tsagar siririya ce kamar gashi, domin wuta mai wannan ƙarfi tana bin tsaga ta zube ƙasa kafin ta kai baki. Tazarar da ke tsakanin bakin allura da ƙarfen kai kamar milimita 3 zuwa 4 ce, in murfin kan ya zauna a karkace tazarar ta canza. Wani dare an kira ni wani gida kan irin wannan, mai gyaran farko ya riga ya canza akwati bai yi magani ba. Na ce a kashe fitilar kicin, na ɗaga saman kukar, na danna maɓalli. A cikin duhun sai ga wani ɗan shuɗin haske yana tsalle can ƙasa, daga jikin waya zuwa bututun gas, a daidai inda ɓera ya ɗan gutsiri rigar wayar. Ƙarar tana fita, tartsatsin yana fita, amma a wurin da bai kamata ba. Waya ɗaya aka canza. Tun daga ranar, duhu yana cikin kayan aikina.

In kana son tabbatarwa ko bakin akwatin ne ya mutu ko allurar, cire filogi, ka musanya wayoyi biyu a jikin akwatin, ta kan da ba ya yi da ta kan da yake yi. Mayar da wuta ka gwada. In matsalar ta tsaya a kan da take, allura ce ko wayarta. In ta yi ƙaura zuwa ɗaya kan, akwatin ne.

In tartsatsi yana fita tas amma wuta ba ta kamawa, batun gas ne: ƙaramin ramin da ke kusa da allura ya toshe, ko murfin ya jiƙe. In kuma tana kamawa amma da ka saki makunni ta mutu, wannan aikin ɗaya sandar ce ta ƙarfe da ke gefen kan a wasu kukoki, mai jin zafin wuta ta riƙe bawul a buɗe. Ba ruwanta da akwatin tartsatsi.

Akwai kuma akasin matsalarka, wanda ya fi tayar wa mutane hankali: kuka ta yi ta ƙas-ƙas ita kaɗai ba wanda ya taɓa ta, har tsakar dare. Kusan kullum ruwa ne. Kunu ya yi bori ya gangara bayan makunni, ko an wanke gaban kukar da ruwa mai yawa, sai danshi ya haɗa suwic ɗin. Cire filogi, zare makunnan, bar ta kwana ɗaya ko biyu ta bushe, a yi girki da ashana kafin nan. In ta bushe ba ta daina ba, suwic ɗin ya ƙone a haɗe, shi za a canza.

Taka kuwa shiru ce gaba ɗaya, ga gwajin da na yi maka alkawari. Kana buƙatar mita, wato na'urar auna wuta ta hannu irin ta masu gyara. Cire filogi, ka rufe gas daga regileta tukuna. Buɗe inda akwatin yake, saita mitar a kan wutar AC, ɗora bakunanta biyu a kan L da N na akwatin, a mayar da filogi, wani ya danna maka maɓallin ko makunnin. In mitar ta nuna wuta, kusan bolt 220 zuwa 240, kuma akwatin bai ce uffan ba, ya mutu, je ka sayo. In ba ta nuna komai ba, wutar ba ta iso ba, laifin yana baya, a suwic ko waya, kuma ko akwati goma ka saya ba za ta yi ba. Suwic kuma ana auna shi ne bayan an cire filogi, ka ga ko yana haɗewa in an danna. Gwajin L da N ɗin da wuta a jikin kukar ake yinsa, don haka takalmin roba a ƙafa, ƙasa a bushe, hannu a kan robar bakunan mita kawai. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka bar wa mai aikin wuta wannan matakin. Kuma kada ka kuskura ka ɗora mita a kan ƙananan bakunan da tartsatsi ke fita, take za ta ƙone.

Mu ɗauka ya tabbata akwatin ne. Bayan kuskuren canza akwati mai lafiya, a wurin saye ake yin kuskure na biyu, kuma ya fi na farko tsada.

Cire tsohon ka tafi da shi kasuwa a aljihunka, tare da hoton takardar lambar kukar, wadda take manne a baya, ko a jikin ƙofar tanda, ko a bayan durowar ƙasa. Abu na farko da za ka karanta a jikin akwatin shi ne ƙarfin wutar da yake ɗauka. Kukokin da aka kawo sababbi don kasuwarmu suna aiki da bolt 220 zuwa 240. Amma manyan kukokin gwanjo da ake shigowa da su daga Amurka, irin su GE da Whirlpool da Frigidaire, an yi su ne don bolt 120. In taka irin wannan ce, dole tana kan taransifoma mai rage wuta, kuma a gwajin mitar, bolt 120 za ka nema, ba 230 ba. Na taɓa buɗe wata da aka jona kai tsaye a soket ranar da aka kawo ta. Akwatin ya kumbura, robar ta narke ta gefe, warin ƙuna ya cika bayan kukar. Masu ita sun yi zaton an sayar musu da matacciya ne. Tun da na taɓo kukokin Amurka, bari in ƙara abu ɗaya: yawancinsu an saita su ne don gas ɗin bututu na can, namu kuwa na tukunya ne mai bukatar ƙananan ramuka da wani matsin daban. In ba a canza mata nozul, wato waɗannan ramukan da gas ke fitowa, an juya regiletarta ba, za ka ga wuta doguwa, ja, mai baƙanta tukunya. Wannan ba aikin akwatin tartsatsi ba ne, amma ya fi shi haɗari.

Abu na biyu shi ne yawan bakuna. Ƙirga wayoyin da ke fita daga tsohon. Kuka mai kai huɗu da tanda mai tartsatsi za ta iya zama da biyar ko shida. Za ka iya sa mai bakuna shida a gurbin mai huɗu ko biyar, amma bakin da ya rage kada a bar shi a sake. A akwatuna da yawa bakunan bibbiyu suke aiki, in aka bar ɗaya babu inda wutarsa za ta bi, sai abokinsa ya yi rauni ko wutar ta riƙa tsalle a cikin akwatin har ta cinye shi. Ana ɗaure wanda ya rage da gajeriyar waya zuwa jikin ƙarfen kukar. Duba zanen da ke jikin sabon ko takardarsa, ka bi abin da ya ce.

Abu na uku shi ne iri. Akwai akwati na gama-gari, mai ƙyastawa muddin hannunka yana kan maɓalli. Akwai kuma mai wayo, a kukoki masu tsada, wanda yake jin wuta ta cikin allurar, ya tsaya da kansa in ta kama, ya sake ƙyastawa in iska ta kashe ta. Ba a musanya ɗaya da ɗaya. Mai wayon kuma yana da tsirfa: in aka juya masa laif da nutural, ko gidan ba shi da wayar at mai kyau, wato wayar kariya da take haɗe da ƙasa, ba ya gane wuta ta kama, sai ya yi ta ƙara a kan wuta mai ci. Gidajenmu da yawa ba a ja at yadda ya kamata ba, soket da yawa kuma an juya musu waya, saboda haka in ka ga wannan alamar ka auna soket kafin ka zargi sabon akwati. Shawarata a kan farashi ita ce kada ka ɗauki mafi araha a kan tebur. Ɗaga shi a hannu, mai kyau yana da ɗan nauyi domin an cika cikinsa da gam mai hana danshi, rubutun jikinsa a fili yake. Ka nemi mai shago ya jona maka shi ka ji ƙararsa kafin ka biya.

Sai aikin kansa. Cire filogi daga soket, kashe suwic ɗin bango kawai bai isa ba. Rufe regileta, ka cire ta daga tukunyar. Buɗe taga. Cire ƙarafan ɗora tukunya da murafan kawuna ka ajiye gefe. In za ka jawo kukar daga bango, ka yi a hankali idonka a kan tiyo.

Akwatin yana ɗaya daga wurare uku: bayan farantin baya, ko ƙarƙashin saman kukar, ko ƙasa can bayan durowa. Bi wayar allura ɗaya da ido, za ta kai ka. Fara da baya, domin ya fi sauƙi, sukurori kaɗan ne. In dole sai an ɗaga saman, a nan nake so ka yi haƙuri sosai. A kukoki da yawa kowane kai an ɗaure shi da saman da sukurori biyu ko uku, kuma zafi da miya sun sa sun ci tsatsa. Zuba musu man kwance tsatsa, ba su lokaci, yi amfani da sukurdireba da ta zauna daram. In ka ɓanɓari saman da ƙarfi alhali kai ɗaya yana ɗaure, za ka lanƙwasa siririn bututun alminiyom da ke kai masa gas, ka zo gyaran tartsatsi ka koma da yoyon gas. Gefen farantan kuma yana da kaifi, sa safar hannu.

Da ka ga akwatin, ɗauki hoto da wayarka kafin ka taɓa komai, daga kusa, yadda launin kowace waya da lambar kowane baki za su fito. Ba shi 'yan mintuna bayan cire wuta. Hanyar da ba ta ɓata ita ce ka riƙe sabon kusa da tsohon, ka riƙa cire waya ɗaya kana sa ta a gurbinta, ɗaya bayan ɗaya. Kama ƙarfen bakin wayar da filaya mai tsini ka ja, kada ka ja wayar kanta. A tsarinmu ruwan ƙasa ce laif, shuɗiya nutural, kore da rawaya at. A na Amurka baƙa ce laif, fara nutural, kore at. In bakin wata waya ya yi sako-sako, ɗan matse shi da filaya har ya kama gam. In ka ga wayar tartsatsi ta ƙone ko ta tsage, a canza ta gaba ɗaya da irinta mai jure zafi. Salatif ɗin wuta ba ya riƙe bolt 10,000, kuma zafin tanda zai lalata shi. Ɗaure akwatin a inda tsohon yake, da sukurunsa ko maƙalinsa, domin wurin an zaɓe shi ne nesa da zafi. Wayoyin kuma su bi tsohuwar hanyarsu, kada su kwanta a kan bututu ko bakin ƙarfe mai kaifi. Tun da a buɗe take, share kashin kyankyasai da maiƙon da ya taru, su ma suna jawo wuta ta bi inda ba a aike ta ba.

Gwajin farko ba gas. Mayar da kawuna da murafansu, sa filogi, danna, ka duba kowace allura da idonka. Kana neman tartsatsi shuɗi mai kaifi da ƙara mai tsari. In duka sun yi, cire filogi, rufe farantan, mayar da regileta. Kafin ka kunna wuta, kaɗa ruwan sabulu ya yi kumfa, shafa a bakin regileta, da inda tiyo ya shiga kukar, da duk mahaɗin da hannunka ya kusanta. In kumfar tana hura ƙwai, akwai yoyo, rufe gas nan take. Ba a gwada yoyo da ashana. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, yana iya taruwa a ƙarƙashin kuka hancinka yana sama bai ji sosai ba. In ka ji wari, kada ka danna maɓallin tartsatsin da ka gyara, kada ka taɓa suwic ɗin fitila, buɗe ƙofa da taga ka jira.

In komai lafiya, kunna kawunan ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya kamata ya kama cikin daƙiƙa uku ko huɗu. Na farkon zai iya ɗan jinkiri saboda iskar da ta shiga tiyo.

Don sabon ya daɗe, a cire filogin kukar lokacin da ake tayar da inji ko canza layi, domin bugun wuta na wannan lokacin yana kashe irin waɗannan akwatuna. A goge gaban kukar da tsumma mai ɗan danshi maimakon zuba ruwa. Kafin ka sami zuwa kasuwa kuma, uwargida ta ci gaba da ashanarta a kawunan sama, babu laifi, sai dai ta riƙa ƙyasta ashanar tukuna ta kai bakin kan, sannan ta buɗe gas. Tanda kam a bar ta sai an gyara, musamman in kukar ta Amurka ce, domin da yawansu ba tartsatsi suke amfani da shi a tanda ba, wani ƙarfe ne mai yin ja da zafi, kuma bawul ɗinsu ba ya buɗewa sai shi ya yi zafi. In ka yi gwajin mitar ka ga wuta ba ta isa L da N ba, aiko min da lambar kukar da hoton bayan makunnan, mu bi layin suwic ɗin tare.